Bargon Rigunan Lawwali

Da aka zo rabon kayan Lawwali ba a sha wata wahala ba, don babu abin rabawa. Babur ɗin da yake acaɓa da shi, waɗanda suka harbe shi a hanyar Yargoje sun yi gaba da shi. Kaftani biyu da hula aka yi sadaka da su a masallacin unguwa. Sai ƙullin rigunan nan marasa wuya da samari ke ce wa tishat. Malamin da ya zo rabon ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ya ga hammatar ta yage, ya ce wannan kam a bar wa mata su yi tsumma. Mairo, uwar mamacin, tana bayan ƙyaure tana ji. Maza na watsewa ta miƙa hannu ta janye ƙullin, ta tura shi ƙarƙashin gadonta.

Lawwali ɗan farinta ne, kuma Mairo mutuniyar Pauwa ce ta asali, irin waɗanda aka yi wa tarbiyyar kunyar ɗan fari har ta zame musu jini. Ku 'yan zamani da kuke rungumar 'ya'yanku a gaban surukai, ba lallai ku gane ba. Tun ranar suna bakinta bai taɓa furta sunan yaron nan ba. Da aka yaye shi uwar mijinta ta ɗauka, a ɗakinta ya girma. In ya faɗi ya fasa gwiwa, Mairo sai ta kau da kai ta ci gaba da daka, zuciyarta kuwa kamar ta fito. In za ta ba shi abinci sai ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta ce, "Wani ya zo ya ɗauka." Shi ne wani, shi ne wancan, shi ne yaron nan. Da ya yi aure ya haifi Najiba ta samu sauƙi, ya koma uban yarinyar nan.

Shi kuwa ja'iri ne, Allah ya jiƙansa. Yakan tsaya a bakin ɗakinta yana kaɗa makullin babur, ya ce, "Inna, wai kin ma san sunana kuwa? Wallahi ranar da kika kira ni da shi rago zan yanka."

"Ja can, marar kunya," in ji ta, ta jefe shi da mafici. Ya kauce yana dariya.

Ranar da aka kawo gawarsa ba ta yi kuka ba. Mata sai yabonta suke, suna cewa kai, Mairo akwai kara. Kara! Matar da ta yi mako ruwa ma da ƙyar yake wuce mata maƙogwaro.

Akwai keken ɗinki a ɗakinta, baƙi, tsoho, mai takawa da ƙafa. Shekarar da ɓarayin daji suka hana su noma suka baro Pauwa suka kama haya a cikin Ƙanƙara, Lawwali ya sayo shi. Ya san uwarsa ba ta iya zaman banza ba, ga shi babu gona babu awaki. Ya shigo da shi ya ajiye, ya dubi bango ya ce, "Ga keke nan, ko wani zai koya." Ita ma ta dubi bango ta ce, "Ya ci wuri." Ta rufe shi da tsohon zane ta jera kwanuka a kai. Sannu ma ba ta ce masa ba.

Khairiyya, matar Lawwali, tana takaba a ɗaki ɗaya da Mairo. Yarinya ce ɗanya, 'yar Sabuwa, kuma kowa ya san in ta fita takaba yayanta Yahuza zai zo ya tafi da ita, da ita da Najiba. Mairo ba ta ja ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, abin da za ta sa a bakinta ma sai maƙwabta sun tuna da ita, da me za ta riƙe yarinya 'yar shekara huɗu? Sai dai hanyar Sabuwa ba hanyar da ake zuwa yini ba ce yanzu. Wanda ya tafi, sai dai in Allah ya yi.

Wata rana Hussaina tela, maƙwabciyarsu, ta shigo ɗebe wa Khairiyya kewa. Ta buɗe waya tana nuna mata. "Dubi iyayin Turawa don Allah. Tsofaffin riguna ne fa suke yankawa su haɗa bargo." Mairo tana tsintar shinkafa kamar ba ta ji ba. Hussaina na miƙewa za ta fita ta bi ta har zaure.

"Ke ɗiyar nan, abin nan da kika nuna, keken ƙafa yana yi?"

"Yana yi mana, Inna Mairo. Kawo in ɗinka miki."

"A'a. Nuna mini dai. Wasu tsummokara ne suka cika mini ɗaki, yarinyar nan kuma za ta Sabuwa, can kurmi ne, akwai sanyi."

Hussaina ta dube ta, ta gane.

Wanda ya ce ɗinki wasa ne bai taɓa hawa keken ƙafa da tsufa ba. Mairo ta sauke kwanuka, aka ɗiga wa keke mai, aka ɗaure igiyar da ta saki. Ta taka, keke ya yi baya, zare ya tsinke. Ta sake takawa, ya sake yin baya. Hussaina ta ce, "Ki fara juya shi da hannu ta wajenki, sannan ƙafa ta karɓa." Ta juya, ƙafa ta ƙi karɓa. Sai da ta yi kwanaki tana taka keke babu zare babu ƙyalle, Najiba na gefe tana ƙyalƙyala dariya tana cewa Kaka tana tuƙa babur.

"Ke ƙawata, tashi ki ba ni wuri," in ji Mairo, amma ba ta so ta tashi ɗin ba.

Da ƙafa ta saba, ta kwance ƙullin. Ga rigar kamfen ta wani ɗan takara da fuskarsa ta koɗe har ba a gane shi. Ga ta masu rigakafi, ga ta masu taki, ga 'yan gwanjo masu rubutun da babu wanda ya san ma'anarsa. Ga wata ja da man inji ya ɓata gabanta. Ta yanko kwali mai kusurwa huɗu kamar yadda aka nuna mata, ta ɗora a kan rigar farko, ta zana da sabulu. Almakashi na hannunta ta kasa. Warinsa na nan, zufa da fetur da sabulun wanka mai arha. Ta waiga, ba kowa, sai ta kai rigar fuskarta. Abin da ba ta yi wa mai rigar ba yana raye, shi ta yi wa tsumma.

Yankan ma bai ƙare wahala ba. Yadin tishat ba atamfa ba ne, roba ne da shi. Tana yankawa gefen ya nannaɗe kamar ganyen da ya sha rana. Ta haɗa biyu ta sa a keke, ɗaya ya miƙe ya fi ɗan'uwansa tsawo, keke ya cinye bakin ya cusa cikin ramin allura. Ta ja da ƙarfi, allura ta karye. Ta yi salati, ta yi tsaki, har ta ce wa keken, "Kai ma halin mai sayenka gare ka."

Hussaina ta zo ta ga ɓarna, ta riƙe baki. "Ai laifina ne, na manta ban gaya miki ba. Sai an sa gam." Ta kawo wani farin ƙyalle marar nauyi, irin wanda teloli ke sa wa a wuyan kaftani don ya tsaya. "Ki shimfiɗa a bayan rigar, ɓangaren nan mai ƙaiƙayi ya kalli yadin, ki danna da dutsen guga. A baya fa, Inna Mairo, ba a fuska ba. In ya kama ya kama kenan."

Mairo ta zuba garwashi a dutsen guga ta yi yadda aka ce. Yadi ya nutsu, ya daina gardama. Amma duk rigar da ta danna sai warin nan ya taso da tururi ya cika ɗaki, daga nan kuma ya tafi. Khairiyya ta kasa zama, ta koma tsakar gida tana share hawaye da bakin hijabi.

Ta ƙarshe a ƙullin ita ce koriyar jesi. Ta ƙungiyar ƙwallon samarin Pauwa ce, tun lokacin da ake iya buga ƙwallo a filin bayan gari har magariba. A bayanta akwai farin rubutu manya-manya. Mairo ba ta yi boko ba, amma wannan rubutun ta san shi, sunan ɗanta ne. Ranar da aka buga masa ya zo yana juya mata baya yana cewa, "To Inna, tunda ba ki faɗa, ga shi nan ki riƙa gani." Ita ce kuma rigar da yake sawa in zai ɗora Najiba a tankin babur ya zagaya da ita unguwa.

Ta yanke ta da kyau, sunan ya zauna a tsakiya ɗas. Sai ta tsaya tana tunani. Bargon nan za a shanya shi a igiya, a Ƙanƙara da Sabuwa. Mata za su gani su ce, wa ya ɗinka? A ce uwarsa. A ce oho, Mairo ce ta zauna ta ƙawata sunan ɗan farinta, ta sa shi a tsakiya kowa ya gani? Ita da aka yaba ranar mutuwa? Kunya ta rufe ta ita kaɗai a ɗaki. Jefar da rigar kuwa ba za ta iya ba. Sai ta yi dabara irin tata: ta kifa gam a kan rubutun, ta danna dutse, ta daɗa dannawa don ya kama sosai. Ta juya, cikin rigar ya zama waje, kore fes babu komai. Sunan yana ciki, ita ta san yana nan, ya ishe ta.

Da ta jera su ta haɗa, Hussaina ta nuna da yatsa. "Wannan ta tsakiyar kin kifa ta."

"Haka nake so."

Aka samo wani siririn tsohon bargo aka sa a tsakiya, Mairo ta ba da atamfarta ta fita unguwa aka shimfiɗa a ƙasa. Hussaina ta ce ta kafe su da dogon ɗinkin hannu tukuna, kuma in za ta bi da keke ta faro daga tsakiya ta yi waje. Mairo ta ga ai daga baki ya fi sauƙi, ta faro daga baki. Kafin ta kai tsakiya yadi ya taru ya yi tozo kamar na sa. Ta farke ta sake. Tura wannan tulin kaya ta ƙarƙashin ɗan hannun keke kuwa sai wanda ya gani. Ta nannaɗe rabi ta saɓa a kafaɗa, kafaɗa ta ƙage, allura ta huda mata yatsa har jini ya ɗiga a kan rigar masu taki. Layukan sun karkace kamar kunyar da yaro ya yi a gona. Amma bargo ya zama bargo, mai nauyi, mai ɗumi. Ta gama naɗe bakinsa ana saura kwana kaɗan Khairiyya ta fita takaba.

Yahuza ya iso da yamma, ya kwana a zaure. Mutumin kirki ne, babu mai cewa ba haka ba. Da safe ya durƙusa a bakin ɗakin Mairo ya gaishe ta, ya sake yi mata ta'aziyya, ya jawo Najiba jikinsa.

"Ke, ɗiyar wa ce ke?" ya tambaye ta da wasa.

"Ɗiyar Abba."

"Mi ne ne sunan Abban?"

Najiba ta yi tunani. "Abba," ta ce.

Yahuza ya yi murmushi. "Ba komai. Inna, ki kwantar da hankalinki, ɗiyata ce. Tare da nawa zan sa ta makaranta, Najiba Yahuza za a rubuta, don kada ta tashi ta san maraici."

"Allah ya saka da alheri," in ji bakin Mairo.

Ya tashi ya tafi tasha neman mota, don hanyar nan sai rana ta ɗaga motoci sun yi yawa ake shigarta. Mairo ta zauna kamar an dasa ta. Sai yanzu ta lura: a gidan nan babu mai faɗin sunan. Ita ba ta faɗa, don ɗan fari ne. Khairiyya ba ta faɗa, don miji ne, Abban Najiba take cewa. Abokansa masu faɗa sun watse, wasu Funtua, wasu Legas, wasu kushewa. Khairiyya yarinya ce, baɗi war haka tana ɗakin wani, kuma wace mace ce za ta zauna a gidan miji tana ambaton na fari? Yarinyar za ta girma ɗiyar Yahuza. Yaron nan zai shafe kamar ba a taɓa haihuwarsa ba, kuma ita da ta haife shi tana zaune tana cewa Allah ya saka da alheri.

Najiba ta haye bargon da ke ninke a kan gado ta warware shi. Tana bin rigunan da yatsa. "Wannan ta Abba, wannan ma ta Abba." Ta tsaya a kan koriyar. Ta shafa, ta leƙa gefe. "Kaka, ina rubutun? Abba ya ce in na girma ni zan karanta mashi."

Mairo ta tashi ta ɗauko reza.

Ɗinkin da ta sha wuya a kansa shi ta bi tana tsinkewa, ɗaya bayan ɗaya. Khairiyya ta ce, "Inna, lafiya? Yaya fa yanzu zai dawo." Mairo ta buɗe gefe biyu na koren ƙyallen, ta ɗaga shi, ta sa farce a kusurwar gam ɗin ta ja a hankali. Ya ƙi. Ta ja da ƙarfi, ya taho yana ƙara.

Rubutun roba ne, ita kuma ta danna masa wuta har sau biyu. Ya narke ya bi gam, fari ya shige fari. Abin da ya rage a kan koren yadin wasu 'yan dabbare-dabbare ne kamar tuwon da ya kama gindin tukunya. Ko alamar harafi ɗaya babu.

"Innalillahi," ta ce. "Ni na yi. Da hannuna."

Babu lokacin kuka. Ta mayar da ƙyallen, ta hau keke ta bi shi yadda ya samu, ɗinki a kan ɗinki, ya tattare ya yi muni, ba ta damu ba. Tana yanke zare Yahuza yana sallama, ya ce mota ta kusa cika, ga masu babur a waje za su kai su tasha.

Mata suka cika ƙofar gida ana sallama. Hussaina na nan, da matar mai gidan hayar, da tsofaffin Pauwa biyu da suka yi gudun hijira tare, waɗanda suka fi kowa yabon karar Mairo. Khairiyya ta durƙusa tana kuka tana neman gafara, Mairo ta ce ta yafe duniya da lahira. Aka ɗaure bargon a bayan babur, aka ɗaga Najiba za a ɗora ta a gaba.

"Dakata," in ji Mairo.

Ta tako har bakin babur ɗin ba ko mayafin kirki. Ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu. Harshen ya yi mata nauyi kamar ba nata ba. Ta ji idon tsofaffin nan a bayanta.

"Ƙawata, saurara. Sunan ubanki..." Ta ƙara riƙe fuskar. "Lawwali. Sunan ubanki Lawwali."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce, "A'a, Mairo!"

Ko waiwaya ba ta yi ba. "Lawwali, ɗana ne, ni na haife shi. Faɗi in ji."

"Lawwali," in ji Najiba, tana jan lam ɗin irin na yara.

"Sake."

"Lawwali."

"Ko wa ya tambaye ki, haka za ki ce. Malam Yahuza, ka yi mini wannan alfarma, a rubuta mata sunan ubanta."

Yahuza ya sunkuyar da kai. "In sha Allahu, Inna. Ki gafarce ni."

Babura suka tashi. Ta tsaya tana kallon koren da ya leƙo daga ɗaurin bargon har suka sha kwana. Mata suka watse sumu-sumu, babu mai kallon idon wata. Hussaina ta so ta bi ta ciki, ta ɗaga mata hannu.

Ɗakin ya yi faɗi. Ga keke, ga guntayen hannuwan riguna a ƙasa, ga farin gam ɗin nan a dunƙule inda ta yar da shi. Ta ɗauka ta zauna a bakin gado. Bakin da ya yi kusan shekara talatin a kulle, yanzu da ya buɗe ya ƙi rufuwa. Ta dubi bakin ƙofa, daidai inda yake tsayawa yana kaɗa makulli.

"Lawwali," ta ce a hankali. Sannan ta ɗaga murya, yadda uwa ke kiran ɗanta ya zo ya ci abinci. "Lawwali! Ga shi na kira. Ina ragon?"

Labule ne kawai ya motsa. Sai a lokacin kukan ya zo mata, har maƙwabta suna ji.